Da gaske ne halatta zubar da ciki ya rage aikata laifi a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin tattalin arziki. An ambata mana a aji cewa wasu masana a Amurka sun gano halatta zubar da ciki da aka yi a ƙasar a 1973 ne ya rage aikata manyan laifuka bayan kusan shekara ashirin. Maganar ta tsaya mini a rai. Binciken gaske ne ko farfaganda ce? Idan na gaske ne, an tabbatar da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Binciken na gaske ne, waɗanda suka yi shi kuma manyan malamai ne da ake ji da su. Amma ba a tabbatar da shi ba. Yau fiye da shekara ashirin ke nan masana suna ja-in-ja a kansa, kuma ni a nawa karatun, hujjojin da suka fi tsabta ba su goyi bayan kaifin da'awar ba. Na daɗe ina koyar da ƙididdiga da dabarun bincike, kuma ina sa ɗalibaina su karanta wannan takarda, domin da wuya ka sami wadda ta fi ta nuna yadda alƙaluma ke iya jan mai hankali zuwa inda bai yi zato ba. Ka ba ni haƙuri, amsar za ta yi tsawo.

Sai ka fara sanin halin da Amurka ke ciki kafin ka gane abin da ya sa maganar ta samu karɓuwa. Daga shekarun 1960 laifuka suka yi ta hauhawa a ƙasar. A 1991 kaɗai an kashe mutum fiye da 24,000, wato kusan mutum 10 a cikin kowane 100,000. A birnin Niyok an yi kisan kai 2,245 a 1990. Masana harkar laifuka na lokacin sun sa ran abin zai ƙara muni. Wani malami a Jami'ar Princeton mai suna John DiIulio ya yi gargaɗi a 1995 cewa wani ayarin matasa marasa imani na nan tafe, waɗanda za su fi na gabansu ta'asa. Sai aka ga akasin haka. Zuwa 2000 adadin waɗanda aka kashe ya sauko ƙasa da 16,000, wato kimanin 5.5 a cikin 100,000. Kisan da ake yi a Niyok ya koma 633 a 1998. Fashi ya ragu, fasa gidaje ya ragu, satar mota ta ragu, a manyan birane da ƙanana, gabas da yamma. Ruwa ba ya tsami banza, don haka kowa ya shiga neman dalili. 'Yan siyasa suka ce tsauraran dokokinsu ne, shugabannin 'yan sanda suka ce sababbin dabarunsu ne, wasu suka ce bunƙasar tattalin arziki ce.

Ana cikin haka John Donohue, malamin shari'a a Jami'ar Stanford, da Steven Levitt, masanin tattalin arziki a Jami'ar Shikago, suka zo da nasu bayanin. Labarinsa ya fara fita a jaridu a 1999, takardar kuma ta fito a 2001 a ɗaya daga cikin manyan mujallun tattalin arziki, wadda ake shiryawa a Jami'ar Harvard. Daga baya, a 2005, littafin Freakonomics da Levitt ya rubuta tare da ɗan jarida Stephen Dubner ya kai maganar kunnen duniya.

Ga yadda suka gina ta. A ranar 22 ga Janairu 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade, wanda ya buɗe ƙofar zubar da ciki a duk faɗin ƙasar. A wannan shekarar an zubar da ciki kimanin 750,000 ta hanyar da doka ta yarda, zuwa 1980 kuma adadin ya doshi miliyan 1.6 a shekara. An daɗe da sanin cewa mafi yawan manyan laifuka samari ne ke aikata su, daga shekara 18 zuwa 24 ko makamancin haka. Ka ɗora 18 a kan 1973, ka samu 1991, daidai shekarar da laifuka suka fara sauka. Suka ce abu biyu ne ya faru. Na farko, an haifi yara kaɗan, don haka samarin da za su kai shekarun ta'asa sun ragu. Na biyu, wanda shi ne zuciyar da'awar, cikin da aka zubar ba kamar kowane ciki ba ne. Yawancinsa na 'yan mata ne masu ƙarancin shekaru, marasa aure, matalauta, waɗanda ba su shirya rainon ɗa ba. Wani bincike na Jonathan Gruber da abokan aikinsa a 1999 ya ƙiyasta cewa da an haifi waɗannan yara, yiwuwar su tashi a gidan uwa ita kaɗai za ta fi ta sauran yara da kusan kashi 60 cikin 100, yiwuwar su tashi cikin talauci kuma da kusan kashi 50. Ga kuma tsofaffin bincike daga Turai. A Suwidin an bi rayuwar yara 120 da aka haifa bayan an hana iyayensu mata izinin zubar da ciki, a birnin Prague kuma an bi yara 220 da aka haifa daga 1961 zuwa 1963, waɗanda sau biyu iyayensu mata suna nema ana hana su. A duka wuraren biyu an ga waɗannan yara sun fi takwarorinsu fuskantar matsala a makaranta da zamantakewa. Daga nan Donohue da Levitt suka ce halatta zubar da ciki na iya zama sanadin kusan rabin raguwar laifukan da aka gani.

Dole a yi musu adalci, ba su tsaya a kan dacewar shekaru kawai ba. Sun san abin da kowane ɗalibin ƙididdiga ya sani, cewa zuwan abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Mu nan mun saba jin ana cewa ɗanyar masara ce ke kawo zazzaɓi, alhali damina ce ta kawo masarar, ita ce kuma ta kawo sauron. Saboda haka suka nemi hujjar da ta fi wannan. Jihohi biyar, wato Niyok, Kalifoniya, Washinton, Alaska da Hawayi, sun riga sauran ƙasar buɗe wannan ƙofa da kusan shekara uku, a wajen 1970. Idan da'awar gaskiya ce, ya kamata laifuka su fara sauka a can kafin ko'ina, kuma suka ce haka aka gani. Suka kuma kasa jihohi gwargwadon yawan zubar da cikin da aka yi a cikinsu a shekarun 1970, suka samu cewa daga 1985 zuwa 1997 laifuka sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a jihohin da aka fi zubarwa idan aka gwada da waɗanda aka fi ƙarancin yi. Sannan suka duba alƙaluman kame, suka ce raguwar ta fi yawa a cikin matasan da aka haifa bayan sauyin doka. Duk wanda ya karanta takardar karo na farko zai ji ta yi masa nauyi. Ni ma haka na ji.

To, amma a ina gizo ke saƙar? Matsala ta farko ita ce wadda ta fi damuna har yau, domin ba ta buƙatar wani lissafi mai zurfi. Idan yaran da aka haifa bayan 1973 sun fi na gabansu samun kulawa, ya kamata mu ga sun fi su natsuwa tun suna 'yan shekara 14 zuwa 17. Abin da alƙaluman Ma'aikatar Shari'a ta Amurka suka nuna shi ne, kisan kai da 'yan wannan rukunin shekaru suke aikatawa ya ninka kusan sau uku daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1993. Wanda yake ɗan shekara 14 zuwa 17 a 1993, an haife shi ne tsakanin 1976 da 1979, lokacin da zubar da ciki ya riga ya zama ruwan dare. Wato yaran da ake cewa an tace, su ne suka fi kowane ayarin matasa kisa a tarihin ƙasar na kusa. A lokaci guda kuma kisan da 'yan sama da shekara 25 ke yi, waɗanda aka haifa tun kafin sauyin doka, yana ta raguwa tun shekarun 1980. Wani marubuci mai suna Steve Sailer ya jefa wa Levitt wannan tambaya tun 1999.

Amsar da suka bayar ita ce hodar ibilis, musamman nau'inta mai araha da ake kira kirak, wanda ya mamaye unguwannin talakawa a manyan birane daga wajen 1985. Dillalai sun riƙa ɗaukar ƙananan yara aikin talla, suna damƙa musu bindiga, bindiga kuma ta bazu daga masu talla zuwa abokansu na makaranta da na unguwa. Masanin laifuka Alfred Blumstein ya yi bayanin wannan sosai. Donohue da Levitt suka ce wannan guguwa ce ta rufe tasirin zubar da ciki na ɗan lokaci, da ta lafa sai tasirin ya bayyana. Amsar tana da ma'ana, sai dai takobi ce mai kaifi biyu. Kirak ya fara shiga birnin Niyok da birnin Los Anjalis na jihar Kalifoniya ne kafin sauran wurare, a can ya fi yin ɓarna, a can kuma ya fara lafawa. Niyok da Kalifoniya su ne manya a cikin jihohi biyar ɗin nan da suka riga kowa halattawa, suna kuma cikin waɗanda aka fi zubar da ciki. Idan laifi ya sauka da wuri kuma da ƙarfi a waɗannan jihohi, ta yaya za ka bambance ko zubar da cikin 1970 ne, ko lafawar kirak ce ta 1991? Masarar ce ko sauron? Wannan ita ce hujjar da Ted Joyce na Kwalejin Baruch a Niyok ya riƙe. A takardunsa na 2004 da 2009 ya gwada waɗanda aka haifa dab da sauyin doka da waɗanda aka haifa jim kaɗan bayansa, bai ga bambancin da da'awar ke buƙata ba.

Akwai kuma wani lissafi da mutane ke tsallakewa. A 1980 an haifi yara kimanin miliyan 3.6 a Amurka, an zubar da ciki kusan miliyan 1.6. Mai karatu zai ɗauka haihuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba haka ba ne. Binciken da aka yi a kan jihohin da suka fara halattawa ya nuna haihuwa ta ragu da kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ne kawai. Ina sauran suka tafi? Wani kaso dama ana zubar da shi a ɓoye kafin 1973, doka ta fito da shi fili ne kawai. Wani kaso na matan da suka jinkirta haihuwa ne, suka haihu daga baya. Wani kuma ciki ne da ba za a ɗauke shi ba tun farko da ba don ɗabi'un mutane sun sauya bayan sauyin doka ba. A nan ne George Akerlof da Janet Yellen, wadda daga baya ta zama shugabar Babban Bankin Amurka kuma ministar kuɗi, suka kawo wata magana a 1996 tare da abokin aikinsu Michael Katz. Suka ce samuwar ƙwayar hana ɗaukar ciki da halatta zubarwa sun rushe tsohuwar al'adar da ke tilasta wa saurayi ya auri yarinyar da ya yi wa ciki. Namiji ya samu bakin cewa ai tana da zaɓi, ya kama gabansa. Alƙaluma kuwa sun nuna haihuwa ba tare da aure ba ta tashi daga kimanin kashi 11 cikin 100 a 1970 zuwa kashi 28 a 1990. Idan tashi ba uba a gida na cikin abubuwan da ke jefa yaro cikin haɗari, to yawan irin waɗannan yara ƙaruwa ya yi bayan 1973, bai ragu ba. John Lott da John Whitley sun bi wannan hanya har suka ce halattawar ta ɗan ƙara kisan kai ne ma. Ban ɗauki sakamakonsu a matsayin tabbatacce ba, amma tambayar da suka tayar tana nan daram.

A ƙarshen 2005 sai ga wani abu da ya girgiza takardar. Christopher Foote da Christopher Goetz, masu bincike a reshen Babban Bankin Amurka da ke Boston, suka karɓi alƙaluman suka sake lissafin da kansu. Suka tarar a gwaji na ƙarshe, wanda ya fi kowane muhimmanci domin shi ne ke gwada matasa masu shekaru daban-daban a jiha ɗaya a shekara ɗaya, akwai kuskure a umarnin da aka ba kwamfuta. Takardar ta ce an cire tasirin abubuwan da suka shafi kowace jiha a kowace shekara, irin su kirak, alhali ba a cire ba. Sannan an yi amfani da jimillar waɗanda aka kama, maimakon a raba ta da yawan matasan. Wannan na biyun babban abu ne. Idan matasa sun ragu, dole jimillar kame ta ragu, ko da halin kowane matashi bai sauya ba. Da suka gyara duka biyun, tasirin ya kusan ɓacewa. Donohue da Levitt sun amsa kuskurensu a fili, abin da ya kamata a yaba musu, domin ba kowane malami ke iya haka ba. Amma suka ce alƙaluman zubar da cikin da aka fara amfani da su ma suna da rauni, tunda mata da yawa sun riƙa tsallaka jiha su je Niyok a yi musu, yara kuma suna ƙaura daga jihar da aka haife su. Da suka shigo da alƙaluman da suka bi jihar da mace take zaune, tasirin ya dawo, sai dai bai kai girman na farko ba. Darasin da nake ba ɗalibai a nan shi ne, sakamakon da yake ɓacewa ya dawo gwargwadon yadda ka jera lissafinka, riƙe shi ake da hannu biyu, ba a gina gida a kansa.

Hanya mafi kyau ta gwada irin wannan da'awa ita ce a fita da ita waje. Ingila ta halatta zubar da ciki da dokar 1967, wadda ta fara aiki a 1968, shekara biyar kafin Amurka. Da lissafin shekara 18 na aiki, da laifuka sun fara sauka a can a tsakiyar shekarun 1980. Sai suka ci gaba da hawa har tsakiyar shekarun 1990, sannan suka sauka kusan tare da na Amurka. Leo Kahane da David Paton da Rob Simmons sun bincika alƙaluman Ingila da Wales a 2008, ba su sami alaƙa tsayayya ba. A Kanada an samu wani bincike da ya goyi bayan da'awar. Abin lura dai shi ne laifuka sun ragu a yawancin ƙasashe masu arziki a kusan lokaci guda, duk da cewa dokokinsu na zubar da ciki sun sauya a shekaru mabambanta. Wannan na nuna akwai wani abu da ya haɗa su wanda ya wuce dokar kowace ƙasa. Shi ya sa idan na ji wani yana son ɗauko wannan bayani ya ɗora a kan matsalar daba ko fashi a garuruwanmu, nakan tuna masa cewa bayanin ko Ingila bai iya tsallakawa lafiya ba.

Romaniya ce ta ba da gwaji mafi tsabta, kuma labarinta mai ɗaci ne. A watan Oktoba 1966 shugaba Nicolae Ceaușescu ya sa aka kafa doka mai lamba 770, wadda ta haramta zubar da ciki kwatsam, a ƙasar da shi ne babbar hanyar taƙaita haihuwa. Haihuwa ta tashi daga kimanin 274,000 a 1966 zuwa kimanin 528,000 a 1967. Azuzuwa suka cika, dubban mata suka mutu wajen zubarwa a ɓoye cikin shekarun da suka biyo baya, gidajen marayu kuma suka cika da yaran da iyayensu suka kasa riƙewa. Da gwamnatinsa ta faɗi a Disamba 1989 aka soke dokar nan take, haihuwa ta sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga mai bincike, wannan dama ce da ba a cika samu ba, domin za ka iya gwada yaran da watanni kaɗan ne tsakanin haihuwarsu, ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, ba kirak a tsakani. Randi Hjalmarsson da Andreea Mitrut da Cristian Pop-Eleches sun yi wannan aiki, aka buga shi a 2021. Sun samu cewa jimillar laifuka ta bi yawan haihuwa, ta hau da aka hana, ta sauka da aka halatta. Amma da suka raba da yawan yaran kowane wata, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Ma'ana, mutane da yawa suna aikata laifi da yawa, mutane kaɗan suna aikata kaɗan, amma yaron da aka haifa a ƙarƙashin hani bai fi ɗan'uwansa zama mai laifi ba. Ka lura wannan daidai yake da abin da Foote da Goetz suka gani a alƙaluman Amurka. A wurina wannan shi ne bugu mafi ƙarfi a kan zuciyar da'awar.

Akwai wani bayanin da ke gogayya da wannan, wanda mu ba baƙonmu ba ne tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, wato gubar dalma. An tabbatar dalma na lalata ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, tana rage basira da iya kame kai. Shekaru da dama Amurka na zuba ta a man fetur, hayaƙin mota na watsa ta a unguwanni, sai daga tsakiyar shekarun 1970 aka fara janye ta, aka hana ta gaba ɗaya a motocin hanya a 1996. Ka ga yaran da aka haifa bayan 1973 su ne kuma yaran da suka fara shaƙar iska mai ƙarancin dalma. Jessica Reyes ta Kwalejin Amherst ta haɗa abubuwan biyu a lissafi ɗaya a 2007, ta ba dalma kaso mafi girma na raguwar laifukan ta'addi, ta kuma bar wa zubar da ciki nasa kason. Bincike na baya-bayan nan ya rage wa dalma nauyi ita ma. Sannan ga gidajen yari, waɗanda mazaunansu suka tashi daga kusan rabin miliyan a 1980 zuwa kusan miliyan biyu a 2000, ga ƙarin 'yan sanda, ga lafawar kirak. Levitt da kansa, a wata takarda ta 2004, ya lissafa waɗannan ukun tare da zubar da ciki a matsayin dalilan da ya yarda da su. Idan ka tara kason da kowane mai bincike ya ba dalilinsa, sai ka ga an bayyana raguwar fiye da sau ɗaya, alamar cewa wani ya ɗebi rabon wani.

Ba zan ɓoye maka abin da ke gefen Donohue da Levitt ba. A takardar 2001 sun yi hasashe a rubuce cewa laifuka za su ci gaba da raguwa da kusan kashi ɗaya cikin 100 a kowace shekara har shekara ashirin masu zuwa saboda wannan dalili. A 2019 suka dawo da alƙaluman da suka kai 2014, suka ce hasashen ya tabbata, jihohin da aka fi zubar da ciki sun ci gaba da samun raguwa fiye da sauran. Yin hasashe kafin a ga alƙaluma abu ne mai daraja a ilimi, kuma ba daidai ba ne a yi kamar bai faru ba. Abin da ya hana ni sallamawa shi ne, jihohin nan dai su ne masu manyan birane, su ne waɗanda suka bambanta da sauran ta fuskar arziki, shigowar baƙi, tsarin 'yan sanda da dokokin bindiga. Ƙara shekaru a kan gwaji iri ɗaya ba ya kawar da wannan cakuɗuwa. Matsayina ke nan: raguwar haihuwa ta rage jimillar laifi da ɗan wani abu, wannan lissafi ne mai sauƙi. Cewa an rage masu laifi ta hanyar tace waɗanda za a haifa, har ya kai rabin raguwar, wannan ba a nuna shi yadda zai gamsar ba.

Ka ce maganar ta tsaya maka a rai, kuma na fahimci dalili, domin ni ma ta taɓa tsaya mini. Akwai abu mai tayar da hankali a cikin kallon ɗan talaka tun yana ciki a ce ga mai laifin gobe. Amurkawa kansu sun san inda irin wannan tunani ya taɓa kai su. A 1927 Kotun Ƙolinsu ta amince da yi wa mutane aikin hana haihuwa na dole a shari'ar Buck da Bell, kuma fiye da mutum 60,000 aka yi wa haka a ƙarni na 20 da sunan tsabtace al'umma. Saboda haka da takardar ta fito, masu adawa da zubar da ciki da masu goyon bayansa duk sun ƙyamace ta, musamman baƙaƙen fata da suka ji da su ake. Ya kamata ka riƙe cewa ko a cikin rukunin yaran da suka fi kowa tashi cikin wahala, mafi yawansu ba sa zama masu kisa ko fashi. Kuma su marubutan sun faɗa a fili cewa bincikensu ba kira ba ne ga zubar da ciki. A cikin littafin Freakonomics Levitt ya yi wani lissafi: ko da mutum ya ɗauki ɗan tayi a matsayin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar jariri, zubar da ciki miliyan ɗaya da rabi a shekara ya kai asarar rai 15,000, wanda ya zarce adadin kisan da ake cewa an kauce wa nesa ba kusa ba. Alƙaluman laifi ba su yanke hukuncin halal da haram, ba su kuma faɗa wa al'umma darajar rai, ko da da'awar ta tabbata ɗari bisa ɗari.

Abin da ke da tushe mai ƙarfi a duk wannan muhawara shi ne cewa kulawar da yaro ya samu a shekarunsa na farko tana bin sa har girma, kuma an gwada wannan kai tsaye a kan yaran da aka riga aka haifa. A garin Ypsilanti na jihar Mishigan, daga 1962, an ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya aka sa su a makarantar share fage mai inganci tare da ziyarar malamai gida. Da suka kai shekara 40, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka shiga shirin ne aka taɓa kamawa sau biyar ko fiye, a ɗaya rukunin kuwa kashi 55. A garin Elmira na jihar Niyok, David Olds ya fara tura ma'aikatan jinya gidajen mata masu cikin fari a ƙarshen shekarun 1970, bayan shekara 15 aka ga 'ya'yan matalauta marasa aure daga cikinsu sun fi takwarorinsu ƙarancin shiga hannun 'yan sanda. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, amma da ƙuri'a aka raba mutanen, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba a batun zubar da ciki.

A ranar 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe a shari'ar Dobbs, ta mayar wa jihohi ikon yin dokarsu, jihohi fiye da goma kuma suka haramta zubar da ciki kusan gaba ɗaya. Za ka ji ana cewa wannan zai raba gardama idan yaran da aka haifa bayan haka suka kai shekara 18, wato wajen 2041. Kada ka sa rai sosai. Mata na tsallakawa jihohin da ba su hana ba, ana kuma aika magungunan zubar da cikin ta gidan waya, har jimillar zubar da ciki a ƙasar ta haura miliyan ɗaya a 2023, sama da yadda take kafin hukuncin. Ƙaruwar haihuwa a jihohin da suka hana ba ta da yawa, kuma a ƙasar da kisan kai ya yi tsalle da kusan kashi 30 cikin 100 a 2020 kaɗai, ya sake faɗuwa da ƙarfi a 2023 da 2024, gano sawun ƙaramin sauyi irin wannan a cikin alƙaluman 2041 zai fi na 1991 wuya.